Katin Awon da Aka Ba Jummai Ajiya

Siddiƙu ne ya kashe jikan Jummai. Haka ta faɗa a asibiti, haka ta faɗa a ƙofar gidansu da ke Gwandu, haka kuma take faɗa wa duk wanda ya shigo yi mata jaje, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ba ta cewa da hannu ya yi, ba ta cewa da gangan. Cewa take an ba shi magana ya kawo, ya haɗiye ta.

Siddiƙu mijin ɗiyarta Rumaisa ne, mai gyaran injin ban-ruwa a Kalgo. Ya yi boko har sakandare, yana karanta takarda, ba ya faɗa da kowa. Shekara bakwai suna tare da Rumaisa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai a ta takwas rabo ya zo.

Rumaisa ita ce 'yar farin Jummai. Don haka Jummai ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta kallon fuskarta, ba ta zama inda take zaune, in an yabe ta a gabanta sai ta kau da kai kamar maganar ɗiyar wasu ake yi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Tun daga yaye wata goggo ta ɗauki yarinyar zuwa Kambaza, can ta girma, can aka yi mata aure. Da goggon nan tana raye, wurinta Rumaisa za ta je goyon ciki, su zauna su yi ta hira, a tambaye ta inda ke ciwo. Amma goggo ta rasu shekara biyu da suka wuce. Sai goyon ya faɗo kan Jummai, mai daddawa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, take zaune a gidan ƙaninsa Malam Nagoggo.

Lokacin cirar albasa aka kawo ta, ciki ya shiga wata takwas, zafi kamar ya fasa kai. Yusra, ƙanwar Siddiƙu, ita ta rako ta. Bayan an sauke kaya an sha ruwa, Yusra ta zaro wani kati mai ruwan ɗorawa daga jaka ta durƙusa.

"Inna, Yaya yac ce a ba ki wanga, ki aje."

Jummai ta karɓa da hannu biyu. Ta san katin awo ne, ta sha ganin irinsa a hannun matan unguwa. Ta buɗe ta duba yadda take duba kowace takarda, ta ga baƙin rubutu layi-layi, can ƙasa kuma an zagaye wani wuri da jan biro, an ja masa layi biyu. Ta ɗauka alamar an gama awo ce. Ta naɗe shi a leda, ta sa shi can ƙasan kwalla tare da katinta na zaɓe, ta danne da zannuwa don kada gara ko ɓera su taɓa. An ce ta ajiye, ta ajiye.

Siddiƙu ya zo gaisuwa Juma'a uku a jere. Daga zaure yake tuɓe takalmi, ya zo bakin ƙofar ɗakinta ya tsuguna, ido a ƙasa, ya tura ledar busasshen kifi ko kankana gaba.

"Ina wuni, Inna. Ya gida, ya zahi?"

"Lahiya lau. Ya mutanen Kalgo?"

"Suna gaisuwa."

Iyakar maganar ke nan. A Juma'a ta biyu ya ɗan daɗe a tsugune. Ya gyara murya, ya tsinci ɗan kara yana zane ƙasa, ya sake gyara murya. Jummai ta zaci matarsa yake son gani kunya ta hana shi faɗa, sai ta ɗauki buta ta zagaya ta ba su wuri. Har ta yaba masa a ranta, ta ce yaro mai ladabi.

Abin da Jummai ta sani na jikin Rumaisa, daga ƙafa ta san shi, don ƙafar take kallo in sun gitta. Ta ga silifas ya daina shiga. Ta ga idon sawu ya ɓace. Matan maƙwabta suka ce namiji ne, wata ta ce tagwaye, wata ta ce zaƙi ne a nemo saiwa a dafa. Jummai ta nemo ta dafa. Ita ma ta yi kumburin ƙafa a cikinta na uku, ta haihu lafiya a bayan ɗaki, ta tashi ta ɗora sanwa. Ta lura yarinyar tana ɗaure kai da ɗankwali tamau, tana neman inuwa ta kwanta. Ta ce zafi ne. Takan dama kunu ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce wa iska, "Ga kunu nan, mai sha ya sha."

Ranar wata Talata da hantsi Rumaisa na zaune a gindin darbejiya tana tsince shinkafa, faifan ya suɓuce. Da Jummai ta waiwayo, jini ta gani yana bin tabarma.

Malam Nagoggo ya samo mota, aka yi asibiti. Nas ta ɗora abin sauraro a cikin, ta matsar, ta sake matsarwa, ta kira wata ta zo ta saurara. Sannan ta sunkuya ta tambayi Rumaisa yaushe rabonta da jin motsi.

"Tun Asabar," in ji Rumaisa.

Jummai na tsaye a ƙarshen gado. Kwana uku suna kwana gida ɗaya, sai a tambayar baƙuwa ta ji.

Nas ta nemi katin awo. Jummai ta fita ta hau kabu-kabu, abin da ba ta yarda da shi, ta je ta kwashe zannuwa ta ɗauko ta dawo. Katin ko lanƙwasa bai yi ba. Nas ta buɗe, ta tsaya a wurin jan biron, ta ɗago.

"Baba, wa aka ba wannan katin?"

"Ni."

"An rubuta jininta ya hau ƙwarai, a kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi cikin kwana uku. Yau kwana ashirin da shida. Ba ku karanta ba?"

"Da wane ido?" in ji Jummai.

Bayan la'asar aka fito da ɗan. Namiji ne, da gashi cike da kai, fatar hannunsa ta fara saɓulewa. Jummai da kanta ta naɗe shi a farin ƙyalle ta miƙa wa Malam Nagoggo. Ba a raɗa masa suna ba, ba a yi masa salla ba, ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba. Rumaisa ta sha da ƙyar. Leda biyu na jini aka ƙara mata, ɗaya daga hannun Siddiƙu aka ɗiba. Jummai ba ta hana ba, ba ta kuma yi godiya ba. A barandar asibitin ta fara faɗin maganarta, yana jingine da bango da auduga a gwiwar hannu.

Da aka sallame su, jego ya zo kamar kowane jego. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, nono ya cika yana zuba ba mai sha. Mata na shigowa suna cewa Allah Ya sa mai ceto ne, Allah Ya mayar da mai amfani. Jummai na amsa amin, sannan ta ɗora nata. Malam Nagoggo ya kira ta zaure ya ce ta rufe baki, tana ɓata zumunci.

"Ba ki da shaida, Jummai. Kila ba a hwaɗa mashi ba. Kila shi ma rubutun likita ya gagare shi, kin san rubutunsu kamar kaza ta bi ta kan toka."

"To sai in tahi in jiyo."

"Ke? Kalgo? Ke da ko kasuwar Maruda sai an nuna maki hanyar komowa?"

"Ka zauna nan ka yi gadin zaure, tun da shi kaɗai ka iya."

Kwana goma sha biyar da haihuwa ta bar Rumaisa a hannun matar Malam Nagoggo, ta ɗaure katin a haɓar zane, ta shiga mota. Mota biyu ta canza. A Kalgo ba ta bi ta gidan surukai ba. Ta riƙa nuna wa mutane hatimin da ke bayan katin har aka kai ta wani ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Mata masu ciki sun cika benci har ƙasa. Jummai ta ratsa su, ta tura ƙofa, ta ajiye katin a kan tebur gaban wata mata mai tabarau da ake kira Malama Hadiza.

"Baba, layi ake bi."

"Na yi kama da mai ciki? Wa yay yi wanga jan zane?"

Malama Hadiza ta duba katin, ta janyo babban littafi ta yi ta buɗawa, ta sa yatsa a wani layi. Ta tambayi ina Rumaisa. Jummai ta ce tana raye, ɗan ne ba ya raye. Malamar ta cire tabarau ta yi salati, ta sallami wadda take dubawa, ta ce a rufe ƙofa.

Ta ce ta tuna ranar. Sau biyu ta auna jinin don ba ta yarda da na farko ba. Ta ba da magani na sati biyu, ta sa aka kira mijin daga shago, don in ka ce wa mace ta tafi Birnin Kebbi amsarta ɗaya ce, sai ta tambayi maigida. Ya zo da baƙin mai a hannu ya tsaya nan inda Jummai ke tsaye. Ta ce masa kada ya bari ta kwana uku ba a kai ta ba, in aka bari za a iya rasa ɗan, za a iya rasa uwar. Ya ce jibi za a kai ta goyon ciki Gwandu, mahaifiyarsa ta riga ta tsaida rana, an aika. Ta ce to ranar da ta sauka ya gaya wa iyayenta da bakinsa, a wuce da ita asibiti da katin nan. Ya ce to, in sha Allahu.

"Ita mai cikin hwa? Kin hwaɗa mata?"

"Na ce mata jininta ya hau, ta sha magani. Ta sunkuyar da kai ta ce to."

"Kin hwaɗa mata ɗan na iya mutuwa?"

Malama Hadiza ta juya biro a hannu.

"Ba mu cika gaya wa mai ciki haka ba, Baba. Kada hankalinta ya tashi jinin ya ƙara hawa."

"Ai kuwa ya kwanta yanzu. Ki zo ki gani."

Malamar ta ce wallahi abin nan shi ke cinye musu jarirai, hawan jini da zazzaɓin sauro da doguwar naƙuda a ɗaka, kuma mafi yawa da an zo da wuri da an tsira. Jummai ta ce ba ɗiyan mutane suka kawo ta ba. Sai malamar ta ƙara da cewa a kula, wadda ya taɓa kamawa yana iya dawo mata a ciki na gaba, a fara awo tun wata biyu. Nan Jummai ta tsaya. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ba ta ba.

"Maimaita mani abin da kic ce mashi. Yadda kih hwaɗe shi, kada ki rage."

Sau uku ta sa ta maimaita, tana bi da baki kamar mai ɗaukar karatu. A mota ma ta yi ta bitarsa har ta sauka Gwandu.

Ta iske Rumaisa kwance ta juya wa ƙofa baya. Jummai ta shiga ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta juyo ta dubi fuskar ɗiyarta, ta ga tana da ɗan tabo a gefen gira wanda ba ta san ranar da aka yi shi ba.

"Rumaisa."

Yarinyar ta zabura ta tashi zaune, ta duba bayan uwarta ko wani ne ya kira.

"Ni ta. Mi mijinki yah hwaɗa maki ranar da kunka hito asibitin Kalgo?"

Rumaisa ta ce cewa ya yi ba komai ba ne, an ce a ƙara duba ta, zai yi wa Inna magana. Duk Juma'a in ya zo sai ya ce yau zai faɗa, in ya fito sai ya ce bai samu fuska ba, sai mai zuwa. Da ta ce magani ya ƙare, ya ce zai taho da wani.

"Da motsi yat tsaya hwa? Ina tsakar gida, kina ɗaka. Mi yah hana ki kira ni?"

"Da wane baki, Inna? Ko ruwa nike so sai na jira kin hita in ɗiba."

Jummai ba ta musa ba. Ta ce wannan nata ne, ta ɗauka, za ta amsa shi gaban Allah. Ta tashi ta je ta hura wutar ruwan wanka. Daga ranar ita ke zama ta ci abinci kwano ɗaya da Rumaisa, matan gida na leƙe suna ƙus-ƙus, ba ta kula su ba.

Kwana arba'in da biyu, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. An zo ɗaukar Rumaisa. Baffa Hamidu, ƙanin mahaifin Siddiƙu, ya shiga zaure wurin Malam Nagoggo da goro. Yusra ta wuce cikin gida tana tambayar ina kaya. Siddiƙu ya tsaya waje jikin mota.

Ba a ɗaure ko ƙunshi ɗaya ba. Jummai ta yafa mayafi ta nufi zaure, ta tsaya a ƙofar ciki.

"Mata ba su shigowa nan in ana magana," in ji Malam Nagoggo.

"Maganar ɗiyata aka yi. Baffa, sannunku da hanya. Ba ta zuwa."

Baffa Hamidu dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce sun san an ji ciwo, su ma jininsu ne. Amma abin da Allah Ya rubuta ba mai kankarewa, ko a Birnin Kebbi aka kai ta in kwana ya ƙare ya ƙare. Ya ce musulmi ba ya jayayya da ƙaddara.

"Ban yi jayayya da Allah ba, Baffa. Allah bai zo ƙohwar ɗakina sau ukku da kihi ba. Kai da kake noman shinkahwa, in anka ce maka ruwa na tahe ka kwashe, ka zauna har ya cinye, ƙaddara kaka cewa ko sakaci?"

"Jummai!" in ji Malam Nagoggo.

"Kai kac ce ba ni da shaida. Na jiyo. A kira shi."

Aka kira Siddiƙu. Ya tuɓe takalmi, ya shigo ya tsuguna a lungu, kai a ƙasa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Jummai ta karanto masa maganar Malama Hadiza daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake kalma ba, har da in sha Allahun da ya ce. Ta tambaye shi ko an yi haka.

Bai ɗago ba. Ya matsa kusa da baffansa ya yi magana ƙasa-ƙasa. Baffa Hamidu ya saurara, ya shafa gemu.

"Ya ce an yi. Ya ce nauyi yaj ji. Maganar ciki ta, kuma ke surukarshi ta, bakinshi ya kasa ɗauka. Ya yi zaton za ki ba wani katin ya karanta maki. Shina ba ki haƙuri."

"Cewa anka yi in aje. Kuma ga shi yanzu ma ta bakinka yaka magana."

"Ai ladabi na, Jummai."

"Na gode da ladabin. Na naɗe shi cikin hwarin ƙyalle na ba wanga ya kai rami." Ta nuna Malam Nagoggo da haɓa. "An ce ciwon na iya komo mata ciki na gaba. In ta koma Kalgo tas samu wani, wata malama ta kira shi ta ce kwana ukku, mi za ya yi? Uwarshi ta tsaida rana, shi ya tsuguna shina zanen ƙasa, ni in aje takarda? Ɗan anka rasa wanga karo. Saura ita."

Yusra ta leƙo daga bayan Jummai tana kuka, ta ce ita ba ta san abin da ke cikin katin ba. Jummai ta ce ba da ita take ba. Baffa Hamidu ya ce to me take so, saki take nema? Ta ce ba ta ce saki ba, Rumaisa ma ba ta ce ba. Malam Nagoggo ya ce to don Allah ta faɗi abin da zai raba wannan zama, rana na yi, mutane na da nisa.

Jummai ta shigo tsakiyar zauren, ta zauna a kan tabarmar maza, daidai gaban Siddiƙu, har gwiwarta na kusa da tasa. Ya ja baya, bango ya tare shi.

"Baffa, kai ka yi shiru. Kai ma, Nagoggo. Siddiƙu, ɗago ka dube ni. Ni na dubi ɗiyata, ban mutu ba. Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi tahiya nawa ta, da ba ka kai ta ba tun ranar? Mi kah hwaɗa ma uwarka, mi tac ce maka? In ita tah hana, a koma da motag ga a ɗauko ta ta zo nan ta amsa nata. In kai na, ka buɗe baki ka hwaɗa da sunan ciki da sunan jini, kowa na ji. Ɗiyata ba ta taka ƙohwar gidan ga sai na ji. Ina saurare. Amsa mani."